Neman arha ne ya jefa mu nan

Kun ce gasa tsakanin kamfanoni za ta ƙarfafa safarar abinci, ni dai ban gamsu ba. Neman arha ne ya sa ƙasashe da dama suka jingina da alkamar Rasha da Yukren. Da yaƙi ya ɓarke a 2022, jiragen hatsi suka maƙale a tashar Odesa ta Yukren, burodi ya yi tsada har inda ba a ji ƙarar harsashi ba. Malam mai cewa kasuwa za ta gyara kanta, ka manta Indiya ta hana fitar da yawancin farar shinkafarta a 2023? In mai sayarwa ya rufe ƙofa, wace gasa za ta ciyar da ƙasar da ba ta da rumbu?