Kawu, motar daji da farar shaddata

Kawuna ya haura saba'in, amma da ya ga sabon inji sai ya koma yaro. Bana ya sayo wata 'yar motar daji ta hannu, irin wadda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa: tayoyi huɗu masu manyan haƙora, kejin ƙarfe a sama, akwatin kaya a baya. Babu gilashin gaba, ƙofar ma raga ce. Yaran unguwar Aboabo ta Kumasi a Ghana da suka ga hotonta suka ce aboboya ce, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta je Makka ta dawo.

Ranar Asabar na ci ado da farar shadda zan tafi ɗaurin aure a unguwar Asawase, sai ga wayarsa. "Ɗana, zo ka raka ni gona, kafin azahar mun dawo." Wa ya isa ya ce wa kawunsa a'a?

A garin Kuntanase yake ajiye motar, gonar kokon kuwa tana gangaren Tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 daga Kumasi. Masana sun ce dutse ne ya faɗo daga sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce ya haƙa ramin, shi ya sa duk hanyar da ta nufi ruwan gangara ce. Shi kuma Kawu a ganinsa taka birki almubazzaranci ne.

Ko ɗaura bel ban gama ba muka bar kwalta. Jar ƙura ta shiga hanci da kunne, reshe ya ɗauke mini hula, na waiga na ga ta rataye tana lilo. Duk ramin da muka faɗa sai ya kalle ni yana murna: "Ka ji laushi?" Ni dai salati nake, kowace kalma tana fita gutsi-gutsi.

Muka iso wani rafi da ruwan sama ya mai da taɓo. Na ce, "Kawu, mu duba zurfinsa." Ya ce duka tayoyi huɗu ke ja, abin da ya biya kuɗi ke nan. Suka ja ɗin kuwa, ƙasa suka ja mu, har ciki ya zauna.

A goshin motar akwai injin da ke naɗe igiyar ƙarfe. Kawu ya ce in sauka in ɗaura a bishiya. Na tattare riga, na nutse har gwiwa, na nufi wata bishiyar koko. Mai gonar ya ɓullo yana ihu da Twi cewa kuɗin makarantar 'ya'yansa nake shirin tumɓukewa. Sai ya nuna mini agade. Na ɗaura, Kawu ya danna, igiya ta miƙe. Mota ko motsi ba ta yi ba, agaden ce ta taho wurinmu da nunanta da komai, don ita jikinta ganye ne da ruwa. Mai gona ya ce sai a biya. Aka biya.

Wasu samari masu kwasar koko ne suka cece mu. Suka cusa rassa a ƙarƙashin tayoyi, suka ce Alhaji ya sa ƙaramar giya, kada ya ƙona bel ɗin injin, wanda dama tuni yake warin roba. Suka kama gefe-gefe, ni aka ba ni baya. Wanda ya taɓa tsayawa bayan taya mai haƙora a cikin taɓo ya san sauran labarin.

Bayan la'asar na isa Asawase, an shafa fatiha tun tuni. Wata Hajiya mai rabon abinci, wadda ta san ni tun ina cikin zanen goyo, ta ƙare mini kallo, ta miƙo ƙunshin shinkafa da wake ta ce, "Karɓi, bawan Allah, amma ka fita ta baya. Ba ma son 'yan galamsey, masu haƙar zinare ta ɓarauniyar hanya, a hoton amarya."