Rumbun bayanai na kyauta da rahoton da ba a kashewa

A watan Agustan 2024 kamfanin Cockroach Labs na Amurka ya sanar da cewa daga 18 ga Nuwamba zai daina fitar da samfurin kyauta na manhajarsa ta rumbun bayanai, CockroachDB. A madadinsa ya kawo wani tayi: duk kamfanin da kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 10 a shekara ba zai iya amfani da cikakkiyar manhajar ba tare da biyan ko sisi ba, amma da sharaɗin ba zai kashe rahoton da take aika wa masu ita a kan yadda ake amfani da ita ba. Wanda ya biya kuɗi kuwa yana iya kashewa.

Ba su suka fara ba. Tun daga samfurin 2016 na SQL Server, manhajarsa ta rumbun bayanai, Microsoft ke tattara bayanan amfani, kuma takardunsa sun fito fili cewa a samfurin da aka saya kaɗai ake iya hana aikawa. Masu samfuran Express da Developer, waɗanda kyauta ne, ba su da wannan zaɓi. A InfluxDB da TimescaleDB, wasu manhajojin rumbun bayanai, ana iya kashewa, sai dai a kunne suke zuwa, sai wanda ya san da zaman maɓallin ya je ya neme shi.

Hujjar kamfanonin ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Suna son sanin wane samfuri mutane ke amfani da shi, a kan wace irin na'ura, wane ɓangare ke yawan kawo matsala. Suna cewa ba sa ɗaukar abin da ke cikin rumbun, sai bayani a kan rumbun. Na yarda akasarinsu gaskiya suke faɗa. Damuwata a wani wuri take.

Rumbun bayanai ya bambanta da manhajar kallon bidiyo. Abin da ke cikinsa yawanci ba na mai shi ba ne, amanar wasu ce: sakamakon gwajin marasa lafiya, albashin ma'aikata, sunayen ɗalibai, bashin abokan ciniki. Ma'aikacin da ya danna "na amince" lokacin girka manhajar ya amince ne a madadin dubban mutanen da ba wanda ya tambaye su. Kuma "bayani a kan rumbun" ba ƙaramin abu ba ne. Adireshin intanet da rahoton ya fito daga gare shi, haɗe da lambar samfuri, sun isa su nuna wace cibiya ce ke zaune a kan tsohuwar manhaja mai ɓaraka. Idan aka yi wa kamfanin da ya tara wannan jeri kutse, ɓarawo ya samu taswirar gidajen da ƙofarsu ba ta kulluwa. Rahoton da ake haɗawa idan manhaja ta faɗi ya fi wannan haɗari, domin yana iya ɗebo guntun abin da ke ƙwaƙwalwar na'ura a lokacin. Tun 2016 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Breyer, ta ce adireshin intanet na iya zama bayanin da ke nuna mutum.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke ɗaukar nauyin wannan tsari. Babban banki na da kuɗin lasisi, da lauyoyi, da injiniyoyin da za su toshe duk wata kafa. Ƙaramin asibiti ko makaranta mai zaman kanta a Kano ko Maraɗi, wanda aka haɗa wa manhajar lissafi a kan SQL Server Express saboda arha, shi ne ba shi da maɓallin kashewa. Sau da yawa bai ma san akwai abin kashewa ba. Alhali idan a Najeriya yake, Dokar Kare Bayanai ta ƙasar ta 2023 shi ta ɗora wa alhakin bayanan da ke hannunsa, har da batun fitar da su ƙasar waje. Ta yaya za a tuhumi mutum a kan ƙofar da ba a ba shi makullinta ba?

Masu cewa ba a iya gina manhaja mai kyau sai da wannan rahoto su dubi PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta kyauta. Shekara da shekaru manyan kamfanoni na dogaro da ita, kuma ba ta aika wa kowa komai. Kamfanin PingCAP ma, mai manhajar TiDB, ya mayar da nasa rahoton a kashe tun daga farko a 2023.

Don haka a bar rahoton a kashe sai an nemi izini da kalmomin da kowa zai gane. A nuna wa mai rumbu ainihin abin da za a aika kafin ya tafi, kuma a daina sayar da damar kashewa. Kafin kamfanonin su yarda, Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya na iya sa wannan tambaya cikin binciken da take buƙata daga cibiyoyi: wace manhaja ce ke riƙe da bayananku, kuma da wa take magana a waje? Masu haɗa wa ƙananan cibiyoyi manhaja su ma su riƙa faɗa wa mai asibiti ko mai makaranta wannan sharaɗi tun kafin a girka.