Malamin da ya sa wa Talmud wasali

Akwai wani malamin Yahudawa, Adin Steinsaltz, da ya mutu a Birnin Ƙudus ranar 7 ga Agustan 2020 yana da shekara 83. Na san da jin "malamin Yahudawa" wasu sun riga sun tsuke fuska, ganin halin da Falasɗinawa ke ciki. Zan zo kan wannan, don ni ma akwai abin da nake riƙe da shi a kansa. Amma ku bari mu fara da aikin da ya yi da ƙurar da aikin ya tayar, domin rigima ce da duk wanda ya taɓa tanƙwashe ƙafa gaban malami da littafi zai gane ta.

Bayan Attaura, Yahudawa ba su da littafin da ya kai Talmud. An tattara shi a ƙasar Babila, wato Irakin yau, wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 miladiyya, daga karatun makarantu irin su Sura da Pumbedita. Warƙa 2,711 ne, kowace gaba da baya. Kada ka zaci jerin hukunce-hukunce ne da za ka buɗe ka ga halas ko haram. Muhawara ce tsagwaronta. Wannan malami ya faɗa, wancan ya kawo masa suka, na uku ya jawo wani labari da kamar bai da alaƙa da zancen, sai can bayan shafi biyu a komo inda aka tsaya. Harshen kuma gaurayen Ibrananci ne da Aramiyanci, wanda Bayahuden yau ba ya magana da shi a gida. Babu wasali, babu aya, babu alamar tambaya. Kalma uku a jere na iya zama tambaya, ko amsa, ko ma gatse, sai wanda aka biya wa ne zai bambance.

Shi kansa shafin abin kallo ne. A bugun Vilna na shekarun 1880, wanda ya zama shi ne ma'auni, matani na tsakiya, sharhin Rashi (malamin Faransa da ya mutu a 1105) na gefe guda, hashiyar magadansa na ɗaya gefen, da ƙananan baƙaƙe masu wani salon rubutu daban. A makarantunsu ɗalibai biyu-biyu suke zama, littafi a gabansu, suna musu da ƙarfi suna kaɗa hannu, sai ka rantse faɗa ake. Wanda bai shekara da shekaru a irin wannan ɗaki ba, in ka ba shi littafin sai dai ya yi ta juya shi.

Steinsaltz bai tashi a gidan malamai ba. An haife shi a 1937, iyayensa ba ruwansu da addini, uban ma ɗan ra'ayin gurguzu ne. Duk da haka uban ya sa a koya masa Talmud, kuma ana ruwaito cewa dalilinsa shi ne bai damu ɗansa ya ƙi addini ba, amma ba zai yarda ya zama jahili ba. Yaron ya kama addinin da kansa yana saurayi, ya kuma yi lissafi da kimiyya a Jami'ar Hibru. A ganina wannan tashin ne tushen komai. Wanda aka haifa a cikin ɗaki bai san nauyin ƙofar ba. Shi daga waje ya shigo.

A 1965, bai cika talatin ba, ya fara fassara Talmud zuwa Ibranancin zamani. Ya sa wasali, ya sa aya, ya yanka zancen sakin layi-sakin layi, ya cike kalmomin da matanin ya haɗiye. A gefe ya ƙara bayanin wane ne wannan malamin da ake ambata, wace tsiro ce wannan, nawa ne nauyin wannan kuɗin, har da zane. Saboda yawan ƙarin, sai ya raba kowane tsohon shafi gida biyu. Bai ajiye alƙalami ba sai Nuwamban 2010. Shekara 45. A tsakanin nan ya rubuta littattafai sama da sittin, ya karɓi babbar lambar yabo ta ƙasarsu a 1988, ya kuma buɗe makarantar addini a Mosko a 1989, lokacin Tarayyar Sobiyet tana dab da rushewa, bayan gomman shekaru da hukuma ta toshe irin wannan karatu.

A wannan shekarar ta 1989 ne manyan malaman masu tsauri suka yi masa ca. Jagoransu Elazar Shach na garin Bnei Brak ya hana mabiyansa karanta littattafansa. Wani ɓangare na ƙorafin ya shafi yadda ya siffanta wasu magabata na cikin Attaura a wasu rubuce-rubucensa, suna ganin ya sauko da su matakin mutane gama-gari. Amma game da Talmud ɗin, zancen biyu ne: ya taɓa tsarin shafin da aka gada, kuma ya sauƙaƙa abin da wahalarsa ita ce tarbiyyar.

Ba na cikin masu yi wa wannan ƙorafi dariya. Mu ma mun ji irinsa a nan lokacin da fassarorin littattafan addini suka cika kasuwa da Hausar boko: an ce yaro zai sayi littafi a bakin masallaci ranar Juma'a, kafin Asabar ya fara ba da fatawa. Kuma wallahi an ga haka. Akwai abin da ake samu a wahalar warware jumla da kai, da gyaran da malami ke yi maka nan take, wanda fassara ba ta bayarwa. Mai karanta fassara fahimtar mutum ɗaya yake karantawa, ya ɗauka shi ne matanin.

Inda na rabu da su shi ne lissafin wanda ake karewa. Ɗaliban Bnei Brak ba su taɓa bukatar Steinsaltz ba, suna da malamai a kowane lungu. Waɗanda ya yi wa aikin su ne direba, da likita, da mace da ba a taɓa ba ta gurbi a ɗakin karatun ba, da Bayahuden Rasha da ya girma bai san baƙi ko ɗaya na Ibrananci ba. Su zaɓinsu ba tsakanin karatu mai zurfi da na sama-sama yake ba. Ko na Steinsaltz, ko babu. Akwai wani tsari da Meir Shapiro na Polan ya kawo a 1923, na karanta warƙa ɗaya kullum, a sauke cikin shekara bakwai da kusan rabi. Mai aikin ofis da ke da awa ɗaya da asuba, ta yaya zai bi wannan ba da fassara ba? Kuma mutumin bai taɓa cewa littafi ya wadatar ba. Makarantu ya yi ta ginawa, yana zama da ɗalibai yana ja da su, har bugun jini ya ɗauke masa magana a 2016.

To, ga abin da na ce ina riƙe da shi. Cikin makarantun nan, akwai ta Tekoa da wadda ta yi shekaru a Kfar Etzion, duka a matsugunan Yahudawa na Yammacin Kogin Jodan, ƙasar da aka mamaye tun 1967, matsugunan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sun saɓa wa doka. Mutumin da ya damu ƙwarai kada a bar kowa a bakin ƙofar ilimi, sai ga shi ya kafa ajinsa a kan ƙasar da aka mamaye. Ba zan yi masa kwaskwarima a nan ba, haka kuma wannan ba zai sa in ce fassarar ba aiki ba ce.

Abin da ya biyo bayan rigimar ya fi ba ni sha'awa. Daga 1990 kamfanin ArtScroll na Amurka, wanda masu tsaurin suka aminta da shi, ya fara fitar da tasa fassarar Turanci mai cikakken bayani, ya kammala a 2005 da mujalladi 73, sai dai ya bar shafin Vilna yadda yake a gefe. Wato an karɓi sauƙaƙawar, an ƙi mai ita. Shi ma Steinsaltz ya sassauto: a bugun Turanci da kamfanin Koren ya fara a 2012, an dawo da tsohon shafin cikin kowane mujalladi. A 2017 kuma dandalin Sefaria ya fara ɗora fassararsa a intanet kyauta, kowa na iya buɗewa a wayarsa, har da ɗaliban makarantun da aka hana su taɓa littafin.