Matan nan masu dogon wuya na Tailan, ba wuyan ne ya ƙara tsawo ba

Kowa dai ya ga hotonsu a Facebook ko TikTok, matan da wuyansu ke naɗe da tagulla, sai ka ji ana cewa wai ƙarfen ne ke jan wuya ya yi tsawo, wai in an cire take wuyan zai karye ta mutu. Wallahi ba haka bane. Nauyin tagullar ne yake danne ƙashin ƙirji da haƙarƙari zuwa ƙasa a hankali, tunda tun yarinya na wajen shekara 5 ake fara naɗa mata, to kafaɗa ta sauka shi yasa wuyan ke zama kamar dogo. Kuma akwai waɗanda suka cire suna nan lafiya lau, sai dai jijiyoyin wuyan kan yi rauni na ɗan lokaci.

Sannan su ba asalin ƴan Tailan bane fa. Kabilar Kayan ce daga jihar Kayah ta Myanmar, yaƙi ya koro su a ƙarshen shekarun 1980 suka tsallaka lardin Mae Hong Son mai tsaunuka da ke kan boda. Abun da ke min ciwo shine yadda ake biyan kuɗin shiga ƙauyensu don ɗaukar hoto, alhali da yawansu sun daɗe ba cikakkiyar takardar zama ƙasa.

Kuma ba su kaɗai ne a lardin ba, akwai kabilun Shan da Karen da Lisu da Hmong, har da ƴan asalin Yunnan ta China a ƙauyen Ban Rak Thai masu noman shayi. In ka je ƙauyen matan Kayan ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, ka sayi saƙarsu kai tsaye a hannunsu.