Minti biyun da aka ba ka a rediyo

Ƙannena samari, da ku nake. Shekaranjiya bayan isha'i ina zaune a teburin mai shayin bakin layinmu, rediyonsa na rataye a ƙusa, aka buɗe layin waya a wani shirin siyasa. Wani matashi ya samu shiga, daga muryarsa ka san bai haura ashirin da biyar ba. Ya gai da mai gabatarwa, ya zuba wa maigidansa kirari, sannan ya juya kan wani dattijo na wata jam'iyya ya kira shi ɓarawo, har ya taɓo iyayensa, aka katse shi. Mai shayi ya dakata da sheƙa shayin da ke hannunsa, ya ce, "Yaron nan fa na ƙasan layi ne. Kwata ta cinye ƙofar gidansu tun damina, ko ambatonta bai yi ba."

Na kwana da maganar nan a raina.

Ku tambayi iyayenku yadda ake shiga rediyo a da. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, amma talaka sai dai ya saurara. In yana da ta cewa, ya nemi mai rubuta wasiƙa, a manna kan sarki, a kai gidan waya, ya yi makonni yana kasa kunne ko za a karanta. Sai wayar salula ta shigo a 2001, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya. Yau mai faci a Kurna zai iya jefa wa kwamishina tambaya kai tsaye, gari na ji. Wannan dama ce wasunku ke sayarwa a kan kuɗin kati da na mota.

Na san hali ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma wanda ya kwana da yunwa ba ya raina dubu biyu. Amma ku dubi cinikin da kyau. Ɗan siyasa ya sayi fili a tasha, ya tura ka ka zama sojan baka, shi yana gida ko a Abuja. Muryar taka ce, sunan naka ne da na mahaifinka. Su kuwa manyan, yau a rabe gobe a haɗe. Kwankwaso da Ganduje sun yi gwamna da mataimaki har zango biyu kafin su raba gari. A 2022 Shekarau ya haɗu da Kwankwaso a NNPP, shekarar ba ta ƙare ba suka rabu. Ran da maigidanka ya sauya sheƙa ya rungumi wanda ka zaga, wa zai raka ka ba da haƙuri? Kai za a bari da ’ya’yan dattijon, kuna haɗuwa a sahun masallaci da wajen jana'iza.

Abin da ya fi tsorata ni ma ji-ta-ji-ta ce, domin na taɓa faɗawa ciki. Shekarun baya na ji a majalisa cewa wani ma'aikacin lafiya na mazaɓarmu yana karkatar da magani zuwa kemis ɗinsa. Ban gani ba, ban tambaya ba, na kira wani shirin safe na faɗa. Ban kama suna ba, amma kowa ya gane shi. Ashe maganin ma ba a taɓa kawo shi ba. Bayan kwana uku na same shi a soron gidansa, ya shimfiɗa mini tabarma da hannunsa, ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yafe, sai dai ’yarsa ta ƙi zuwa islamiyya saboda yara na kiranta ’yar ɓarawon magani. Na sake kiran tashar na janye, amma waɗanda suka ji ta farko sun fi waɗanda suka ji ta biyu yawa. Allah ya umarce mu a suratul Hujurati, aya ta 6, mu binciki labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani. Na san ayar tun ina yaro, ranar ce na ga ma'anarta a fuskar mutum.

Ku tuna su wa ke sauraro. Kakarka da ke ɗaki ba ta da Facebook balle ta gwada labari da wani. In ta ce "an faɗa a rediyo", magana ta ƙare. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙon waya kawai ya tashi mutane cikin dare suna wanka da ruwan gishiri, wasu har suka sha, aka yi asarar rai. To ina ga abin da ya fito daga akwatin da tsofaffinmu suka amince da shi?

Ba cewa nake ku yi shiru ba. Ku kira, ku matsa, amma da abin da idonku ya gani. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, mazaɓu 484, kowace da kansila. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To idan aka kawo ciyaman situdiyo, tambaye shi nawa ya shigo a watan jiya, me aka yi da shi. Faɗi sunan firamaren, ajin da rufinsa ya yaye, yara nawa ke zaune a ƙasa, tun yaushe famfon tuƙa-tuƙa ya lalace. Irin wannan tambaya ba a kore ta da kirari. Kuma idan mace ta kira, ko wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ku bar shi ya kai aya. Maƙwabcinmu ne, ruwan da ba ya zuwa gidanku shi ma ba ya zuwa nasa.

Jiya da safe na bi ta ƙasan layi na ga kwatar. Ruwa ya yi kore, an ɗora katako yara na tsallakawa zuwa makaranta. Na sami yaron a bakin shagon caji, muka gaisa, muka zauna a benci. Na ba shi biro da takarda ya rubuta sunan layin, gidaje nawa ruwan ya taɓa, da watan da abin ya fara. Gidaje tara ya ƙirga. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce zai gwada layi ranar Litinin.