Littafin da aka haɗa da hannu ba tarin zane ba ne kawai

Mutane da yawa in suka ji mai zane ya haɗa littafi da hannunsa sai su ɗauka zanensa ya tara ya ɗinke. Wallahi ba haka ba ne, littafin kansa shi ne aikin, irin takardar, yadda aka ninke ta, abin da ido zai tarar in an juya shafi, duk da gangan ake yinsu. Wani ma ba rubutu ko ɗaya, doguwar takarda ce aka ninke gaba da baya, kana ja tana buɗewa. Kuma ba sai da inji ba fa, huda uku a tsakiyar ninkin, allura da zare, shikenan. Amma ka fara gwada ɓangaren da takardar ta fi sauƙin lanƙwasuwa ka ninke ta nan, in ba haka ba shafukan ba za su kwanta ba.