Wanda ya gama Elden Ring ya koma Dark Souls, ko ɓata lokaci ne?

Tambayar nan ta ishe ni wallahi, a waya da kuma majalisarmu ta yamma, wai wanda ya gama Elden Ring akwai amfanin ya koma baya ya buga su Dark Souls, wasannin bidiyon da suka riga shi fitowa, ko kuwa tsofaffin kaya ne kawai da mu 'yan da muke zuzutawa don mun riga kowa. To bari in amsa sau ɗaya kowa ya huta. Eh, ka koma. Amma ba duka ne darajarsu ɗaya ba, kuma in da hannun Elden Ring za ka shiga gara ka bar kuɗinka a aljihu.

Farko dai a daina yaudarar yara da cewa sai sun buga na baya za su gane labari. Kamfani ɗaya ne ya yi su, FromSoftware na Japan, kuma Hidetaka Miyazaki ne jagoran yawancinsu, Demon's Souls a 2009, Dark Souls a 2011, na biyu a 2014, na uku a 2016, sannan Elden Ring a 2022. Amma labarin Elden Ring daban yake, duniyarsa daban, ba ci gaban kowa ba ne. Ba aikin gida aka ba ka ba. Dalilin komawa shi ne akwai abin da Dark Souls na farko ya yi wanda su kansu masu shi ba su sake yin irinsa ba har yau, kuma ba na jin za su sake, don 'yan wasan yanzu ba za su lamunta ba.

Abin shi ne, a gem ɗin ba ka da taswira, ba ka da doki, kuma a rabinsa na farko ba ka isa ka ɓace daga wannan wutar hutawa, wato wutar da ake yada zango a gabanta, ka ɓullo a waccan ba. Duk inda za ka, da ƙafarka za ka. A Elden Ring in wuri ya yi maka zafi sai ka buɗe taswira ka danna ka tsere, ko ka hau dokinka Torrent ka bar maƙiya da ƙura. A nan babu wannan. Sai ka kai birnin Anor Londo, ka kayar da bos-bos ɗinsa, wato manyan abokan gaba, Ornstein da Smough, an ba ka wani kasko mai suna Lordvessel, sannan ake buɗe maka tafiya tsakanin wutaci, shi ma ba duka ba. A takarda wannan kamar zalunci ne, amma shi ne ya sa hanyoyin suke zama a kanka daram, kamar yaron da ya tashi yana yawon ƙafa a cikin Jos, ya san lungun da zai bi ya ɓullo Terminus tun mai Keke yana maƙale a cunkoso.

Bari in ba ku misali ɗaya. Ka baro Firelink Shrine, sansaninka na farko, ka hau matakala ka shiga Undead Burg, ka sha duka a hannun masu jifa da bam, ka wuce Taurus Demon a saman ganuwa, diragon ya gasa ka a kan gada, ka lallaɓa ka shiga Undead Parish, zuwa lokacin a ranka ka yi nisa da gida sosai, kwalbar Estus mai mayar maka da jini ta kusa ƙarewa, souls, wato kuɗin gem ɗin, sun taru a jikinka kana tsoron asararsu. Sai ka ga wani lif a gefen cocin. Ka taka, ya fara sauka, yana sauka, sai kiɗan Firelink ya fara shigowa kunnenka, ƙofa ta buɗe ka ga ashe wurin da ka faro ne, duk wahalar nan a saman kanka take. Ba wanda ya faɗa maka, ba rubutu a allo, kai ne kawai ka gane yadda aka ɗora garin hawa-hawa. Duk girman Elden Ring ban samu wannan a ciki ba, mafi kusa shi ne cikin fadar Stormveil da birnin Leyndell, su ma kowanne tsibirin kansa ne.

Haka kuma saukar Blighttown. An ce ka kaɗa ƙararrawa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ta ƙasan sai ka bi ta magudanar ruwa ta Depths inda wasu kwaɗi masu manyan idanu za su fesa maka la'ana, in ta kama ka ka mutu kuma ka tashi da rabin jini har sai ka nemo magani. Daga nan ka gangara katakai masu rawa da tsani bayan tsani cikin duhu, ana harbo maka kibiyar dafi daga inda ba ka gani, har ka isa fadamar guba a can ƙasa. Tsoron wurin ba daga dodannin yake ba, daga sanin cewa duk takun da ka yi ƙasa sai ka biya shi in za ka fito. Lokacin PS3 wurin nan har sarƙewa hoton yake yi, amma Remastered, gyararren bugun gem ɗin na 2018, ya gyara wannan, yana tafiya sumul.

Yanzu maganar hannu. Wanda ya saba da Elden Ring zai ji kamar an ɗaura wa ɗan wasansa dutse a ƙafa. Babu maɓallin tsalle na kansa, sai ka ruga da gudu tukuna. In ka kulle ido a kan abokin gaba birgima kusurwa huɗu kawai kake da ita. In kayan jikinka suka wuce rabin abin da za ka iya ɗauka birgimarka ta zama faɗuwar buhu, in kana son mai sauri sai ka tsaya ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Estus biyar ake ba ka a yawancin wutaci sai in ka ƙara musu ƙarfi. Babu tokar ruhohi da za ka kira su riƙe maka bos kana sara ta baya. Mutane da yawa a nan suke ajiyewa su ce gem ɗin ya tsufa, ni kuma na ce ba tsufa ba ne, wani irin faɗa ne daban, na ɗaga garkuwa da leƙa kwana kafin ka shiga da jawo maƙiyi ɗaya-ɗaya. Kuma gaskiyar da 'yan da ba sa son faɗa, bos-bos ɗin Dark Souls na farko sun fi na Elden Ring sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda ya kayar da Malenia, ko ma Margit, a Elden Ring, yawancin na nan wasan yara ne a wajensa, saransu biyu ko uku ne su tsaya su ba ka fili. Wahalar tana kan hanya. Sai dai Capra Demon, wanda aka kulle ku a ɗan ƙaramin ɗaki shi da karnukansa biyu, wannan kam rashin mutunci ne tsagwaronsa.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Bayan Anor Londo gem ɗin yana sauka ƙasa, kowa ya sani. Lost Izalith fili ne na narkakken dutse mai kashe ido, an watsa wasu dodanni marasa kai birjik kamar an gaji da aikin, a ƙarshensa kuma Bed of Chaos, wanda ba faɗa ba ne, tsalle ne da sa'a, hannu ɗaya ya share ka cikin rami ka sake doguwar tafiya daga wuta. Tomb of the Giants duhu ne ƙirin, sai ka ajiye garkuwa ka riƙe fitila. Tsarin gyaran makami ma ya cika rassa, ga garwashi iri-iri da sai ka kai wa maƙerin da ya dace, kuma akwai Resistance a jerin abubuwan da ake ƙara wa lebul, kada ka zuba ko ɗaya a ciki, asara ce. Abin da ya fanshi ƙarshen shi ne ƙarin babin da aka yi wa gem ɗin daga baya, Artorias of the Abyss, yana cikin Remastered, faɗa da Artorias da Manus su ne suka fara nuna inda kamfanin ya dosa daga baya.

Akwai kuma lissafi irin namu na nan. Ba kowa ne ke da PS5 ba, yawancinmu PS4 ce ko laftof na hannu da aka saya don makaranta. Dark Souls Remastered wajen giga 8 yake nema a kwamfuta, Elden Ring kuwa 60, duk wanda ke sayen data da kuɗinsa ya san bambancin. Dukkan Dark Souls ukun suna kan PS4. Matsala ɗaya da suka haɗa da Elden Ring ita ce ba a tsayar da wasa, an kira sallah ko Hajiya ta ƙwala maka kira, dodo ba ruwansa. Dabarar ita ce ka fita ta menu zuwa allon farko, daƙiƙa kaɗan ne, yana ajiye ka inda kake, in ma a tsakiyar faɗan bos ne za ka dawo ka samu kanka a bakin ƙofar hazo da ake shiga wurin bos ɗin. Kuma tunda gem ɗin kullum cikin sebin yake, wato ajiye inda ka kai, da kansa, ɗauke wuta na iya lalata fayil ɗin, don haka mai PS4 ya riƙa kwafe sebin ɗinsa a filash lokaci-lokaci, musamman da damina da iska kaɗan ke tafiya da wutar unguwa.

Dark Souls II shi ne ake ta zagi, kuma a nan zan ɓata wa wasu rai. Ba Miyazaki ne ya jagorance shi ba, Tomohiro Shibuya da Yui Tanimura ne, kuma an ji a jiki. Duniyar ba ta haɗu kamar ta farko ba, ka hau lif daga saman hasumiyar Earthen Peak ka yi sama, sai ga ka a Iron Keep, fada cikin tafkin wuta, to a ina take zaune, a gajimare? Duk mutuwa tana rage maka tsawon jini har ya kai rabi. Sannan sun ɓoye amfanin birgima a cikin Adaptability, ɗaya daga abubuwan da ake ƙara wa lebul, ba su yi wa kowa bayani ba, sai ka ga ka kauce sarai amma takobi ya same ka. Duk da haka ni ina ganin ya cancanci a buga. In ka zuba lebul a Adaptability da wuri rabin kukan mutane ya ƙare. Makamai da salon gina ɗan wasa sun yi yawa, riƙe makami biyu a haɗa saransu da kuke jin daɗinsa a Elden Ring daga nan ya samo asali, kuma Tanimura ɗin nan shi ne abokin Miyazaki wajen jagorantar Elden Ring. Ƙarin babi ukun nan na rawuna, Sunken King da Old Iron King da Ivory King, suna cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa yi. Nemi Scholar of the First Sin na 2015, komai na ciki. Amma in lokacinka kaɗan ne, shi ne wanda za ka tsallake ban yi fushi ba.

Na uku ba ya buƙatar lauya. Sauri gare shi, hannunsa kusan ɗaya da Elden Ring, bos-bos ɗinsa sun fi na sauran biyun kyau. Shi ya sa ake ba sababbi shawara su fara da shi, ni kuma ban yarda ba. Na uku cike yake da gaisuwa ga na farko, akwai wurin da sunansa kawai zai fito a allo wanda ya buga na 2011 ya ajiye kwantirola ya riƙe kai, akwai kiɗan fiyano da ke shigowa a tsakiyar faɗan ƙarshe wanda in ba ka san mai shi ba kiɗa ne kawai. Kuma in ka fara da mai sauri, komawa mai nauyi sai ya fi yi maka wuya. Demon's Souls kuwa, in kana da PS5 akwai sabon gini na Bluepoint na 2020, ka buga, in babu kada ka tayar da hankalinka neman PS3 saboda shi.

Ƙanena da za ka fara na farkon, abu biyu kawai. Wajen zaɓen kyauta kada ka ɗauki Master Key duk da za ka ga ana yabonsa a YouTube, na waɗanda suka san gari ne, kai zai buɗe maka ƙofar da za ta kai ka inda ba ka shirya ba. Kuma in hankaka ya sauke ka a Firelink kada ka nufi maƙabarta, ƙwarangwal ɗin can sun kori mutane da yawa daga gem ɗin tun awar farko suna zaton haka wahalarsa take. Matakalar da ke hawa gefen dutse zuwa gadar ruwa, ita ce hanyarka.